Shiƙa a Ƙofar Marusa

Ƙarfe ɗaya na dare. Unguwa ta yi tsit,
sai janaretan maƙwabci da ke tari.
Na danna, kwamfuta ta ɗinke littafin,
lissafin aji uku, shafi ɗari biyu da sha ɗaya,
sai ga su sun zubo kamar kiyashi a kan sukari.
Fayil ɗaya na rubuta,
tara suka fito.

Wa ya gayyace ku?

Ga log, uban surutu,
duk inda inji ya yi tuntuɓe sai ya kai rahoto,
layi dubu a kan waƙafi guda.
Ga aux, ɗan aike,
ya rantse zane na bakwai yana shafi na sittin,
gobe in na ƙara sakin layi ya canza magana.
Ga mai jera babi-babi, shi ma bakinsa biyu.

Sada yana Daura, yana jira in tura.
Rumbu ɗaya muke zubawa ni da shi,
rumbun da ba ya mantuwa:
abin da ka jefa yau, jikanka zai tarar
da sunanka da kwanan wata.
Makon jiya na zuba komai, tsaba da ƙaiƙayi.
Ya gyara kalma, na gyara kalma,
rumbu ya ce mun yi karo a wuri arba'in.
Muka kwana muna rabon faɗan da ba namu ba,
faɗan injinsa da injina.

Sai na tuna Iya Barira a Batagarawa,
ƙwarya a sama, ƙwarya a ƙasa, ido a kan iska.
Ta ce, "Yarinya, kin taɓa ganin mai ajiye irin ciyawa?
Ruwa na sauka za ta zo da ƙafarta."

To, ga ma'auni:
in na goge ka, ka dawo da kanka,
ba ka da gado a rumbu.
Na buɗe takardar mai gadi,
na rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya,
kowa da tauraro a gabansa:
wannan da duk danginsa, a tsaya a waje.

Rubutun hannuna ya shiga.
Zanen da'ira da na ɓata Asabar biyu a kansa ya shiga.
Jerin manazarta ya shiga.
Da ɗan fayil ɗin marigayi Malam Gidado,
layi talatin kacal,
wanda ya koya wa inji lanƙwasa kan ƙ da ɗ da ɓ
don kada ƙafa ta koma kafa.
Wannan ko gobara aka yi shi zan fara ɗauka.

Saura ɗaya, fihirisa.
Inji ne ya haife shi, ba musu.
Amma ya kai Ɗanmusa can bayan Zango,
ni na kamo shi da hannu na dawo da shi kusa da Daura,
suna saba'in, dare uku.
Kuma manhajar maɗaba'a ta girmi tawa da shekara shida,
in ta sake haifarsa, wani yaro za ta haifa.
Ciyawa ce, ko iri?
Na tashi na sha ruwa. Na dawo. Yana nan yana kallona.
Iya ba ta ce komai ba a kan ciyawar da aka yi wa ban-ruwa.

Na bar shi ya shiga.

Sauran na share su kaf, na riƙe numfashi, na danna.
Karo na farko alamun tambaya a gurbin lambobi,
karo na biyu kowa ya gane gidansa.
Littafi ya miƙe tsaye, shafi ɗari biyu da sha ɗaya,
baƙin nan kuma sun dawo suna zaune a ƙofa,
ba wanda ya yi fushi.

Rumbu ya nemi dalili, kamar kullum.
Na rubuta wa Sada:
"Na yi shiƙa. Na bar ƙaiƙayi guda da gangan.
Kar ka taɓa shi sai mun yi waya."